Yaya Inuwa Bai Ga Hannuna Ba, Bakina Ya Ji

Shekara ashirin ke nan da aka fitar da Yaya Inuwa daga zauren gidanmu na Rano aka kai shi makwancinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa can ta fi masa nan. Duk shekara in lokacin ya zagayo, tsofaffin ɗalibansa sukan taru a ƙofar gida, a yi addu'a, a raba goro, kowa ya miƙe ya faɗi yadda Malam ya ɗora shi a kan hanya. Ni kuwa ina daga ciki, bayan labule, ina jin su ɗaya bayan ɗaya. Bana na ce a'a, ni ma sai na faɗi nawa. Sunana Dije, ƙanwarsa ce ni, uwa ɗaya uba ɗaya. Da hannuna nake rubuta wannan, hannun da bai riƙe alƙalami ba sai da na haura talatin. Kuma gara in gaya muku tun yanzu, masu karatu, ba yabo zalla na zo da shi ba. Mutanen nan da ke miƙewa a ƙofar gida suna godiya, ina ƙyashin su. Ban taɓa roƙon Allah Ya karɓe wa wani nasa ba, amma in na ce zuciyata fari tas take game da su, na yi ƙarya.

Abin ya daɗe. Muna ƙanana, a zamanin Turawa, hakimi ya aiko a ba da yaro daga unguwarmu zuwa makarantar elementare, aka nuna Yaya. Babanmu ya yi ta kai-kawo wajen mai unguwa ko za a bar masa ɗansa, bai yi nasara ba. Innarmu ta yi kuka kamar an yi rasuwa. Ni ma na yi kuka, kowa ya ce dubi yarinya tana tausayin ɗan'uwanta. Ba tausayi ba ne. Don ba ni aka ɗauka ba nake kuka. In ya dawo da yamma yakan zauna a tsakar gida yana zana baƙaƙe a ƙasa da tsinke, ni kuma in tsaya a kansa ina kallo, da ya juya baya in sa ƙafa in share. Bai taɓa duka na a kan haka ba. Bai kuma taɓa cewa zo in nuna miki ba. A lokacin babu wanda tunanin haka zai zo wa, har shi.

Ya wuce makarantar Midil a Kano, ya yi horon malanta, ya dawo gida ya koyar, daga baya aka ba shi aikin zagaya makarantu. Keke yake hawa, daga Rano zuwa Rurum, daga Kibiya zuwa Tarai da Nariya, rani da damina. Ana cikin haka maganar mulkin kai ta taso. Turawa suna shirin tafiya, ayyuka suna buɗewa, ana neman 'yan ƙasa da za su riƙe su. Duk yaron da ya gama makaranta sai an ce masa ga inda za ka nufa: malanta, ko malamin gona, ko malamin dabbobi, ko duba-gari, ko asibiti, ko ɗan doka, ko akawu. Hedimastoci ne ke ba da wannan shawara, kuma in kun ji yadda suke ba da ita sai ku riƙe baki. Dogon yaro, ɗan doka. Mai kyakkyawan rubutu, akawu. Wanda ba ya magana, a tura shi daji ya yi gadin itatuwa. Ɗan mai faɗa a ji kuwa, duk gurbin da ya fi maiƙo nasa ne, ko da jini yake tsoro za a kai shi asibiti. Yaran sai su je, su yi 'yan watanni, su gudo gida. Gurbi ya tafi a banza, yaro ya dawo da kunya, gona ma ta fi ƙarfinsa. Da ƙorafi ya yi yawa, sai aka ɗora wa Yaya aikin duba irin shawarar da ake bai wa yaran yankinmu, ya tabbatar mai kyau ce.

Nan ya fito da dokokinsa guda biyu, waɗanda har yau ɗalibansa ke ambata. Ta farko, ba a ce wa yaro je ka yi aiki kaza sai an kai shi ya ga aikin a mummunar ranarsa. Yakan ce kowane aiki yana da ranar ado, yana kuma da ranar baƙin ciki, kuma yara ranar adon kaɗai suka sani: kaki mai guga, da hula, da keke. Mai son duba-gari sai ya kai shi kasuwar Kibiya ranar da za a binne ruɓaɓɓen nama a gaban mahauta, kowannensu da wuƙa a hannu yana huci. Mai son aikin dabbobi ya kai shi ruga ranar allurar shanu, lokacin da makiyaya ke zargin ƙidayar jangali aka zo yi da dabara. Mai son tuƙi ya haɗa shi da motar da ke bin hanyar Tarai a tsakiyar damina, ya wuni cikin taɓo yana tura ta. Doka ta biyu, bayan damina biyu Yaya zai hau keke ya je ya samu yaron a wajen aikinsa. In ya tarar da shi yana nan, shawara ta yi kyau. In ya gudu, ba yaron zai tuhuma ba, hedimastan da ya tura shi zai je ya zaunar.

Hedimastoci ba su so haka ba ko kaɗan. Na ji da kunnena wani daga cikinsu yana ce masa a zaure, "Haba Malam Inuwa, mu muna lallashin yara su shiga aikin gwamnati, kai kana kai su inda za su tsorata. So kake mu tashi babu kowa?"

Yaya ya ce, "Gara ya tsorata yanzu yana gidan ubansa, da ya tsorata an riga an ɗinka masa kaki."

Gaskiya ɗaya ce, abin ya yi aiki. Gudun yara ya ragu, har daga wasu gundumomi ake zuwa tambayar sa yadda yake yi. Ba zan tauye masa wannan ba. In na dubi abin da ake yi yau sai in ƙara ganin girmansa. Jikata tana babbar makaranta, ta ce min suna da malamin shawara kan sana'a, har da ɗakinsa, an rubuta a jikin ƙofa. Na ce me ya ce miki? Ta ce ai Kaka ɗakin a kulle yake, karyayyun kujeru ake tarawa a ciki. Ranar da aka raba su, maki aka duba: masu yawa aka ce likitoci ne, na tsakiya aka ce su nufi banki, sauran aka ce Allah Ya kyauta. In masu duba makarantu suka zo, sai a share ɗakin, a aza tebur, malamin ya zauna a ciki har su tafi. Da Yaya yana raye da ya tambaye su, cikin likitocin nan naku, wa aka taɓa kaiwa ya ga an fasa maruru? Wa ya koma ya ga inda na bara suka ƙare? Na san da baƙin ciki ya kwantar da shi.

To, duk wannan na faɗa ne don in na zo kan nawa kada wani ya ce tsohuwa ba ta san darajar ɗan'uwanta ba.

Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya biyu, na dawo gidanmu. A daidai lokacin aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a wani gida a unguwarmu. Ban jira kowa ya ce min je ki ba. Na shiga da yunwar da na tara tun ina yarinya, kafin a jima ina karanta jarida, ina rubuta wa maƙwabta wasiƙa. Akwai wata maƙwabciyarmu, Asabe, 'yar Tarai ce da aure ya kawo ta Rano, ita ma mijinta ya rasu. Mace mai sanyi, in an yi mata tsawa hawaye ne amsarta. Ni na je na janyo ta daga ɗaki, ni na roƙi mutanen gidansu suka bar ta, ni na riƙe hannunta ta fara zana baƙi. Ku riƙe wannan da kyau, don shi ne ya fi ci min rai.

Bayan mun karɓi satifiket, labari ya zo cewa ana neman mace ɗaya daga yankinmu, babba, mai iya karatu da rubutu, a kai ta Kano a koya mata aikin ungozoma irin na asibiti, ta dawo ta yi wa matan ƙauyuka aiki. Gurbi ɗaya tak. Wallahi tunda nake ban taɓa son wani abu a duniya kamar wannan ba. Na ga yadda mata ke mutuwa wajen haihuwa a ƙauyukanmu, ni kaina na kusa tafiya a haihuwata ta biyu. Malamar ajinmu ta miƙa sunaye biyu, nawa da na Asabe. Wanda zai duba ya tabbatar kuwa, Yaya Inuwa.

Mutane suka fara cewa ai an gama, ƙanwarsa zai ba. Ni ma haka na zata, ba don ƙanwarsa ce ni ba, don na fi Asabe ne, kuma kowa ya san na fi ta. Amma Yaya ya ce doka doka ce, sai mun ga mummunar rana. Ya yi magana da ungozomar da ke ƙaramin asibitin garinmu, wata dattijuwa da ta zo daga kudu, muna ce mata Sista, cewa duk ranar da aka kawo mai wahala ta aiko a kira mu.

Wata safiya aka aiko. Mace ce daga Nariya, uwar 'ya'ya, aka ɗauko ta a kan ƙyauren ɗaki. Ta yi kwana da kwanaki tana naƙuda a gida, ana ta ɗura mata jiƙe-jiƙe, sai da suka ga numfashi na neman ɗaukewa suka kawo ta. Ba zan kwatanta muku abin da ke cikin ɗakin nan ba, mata sun sani, maza kuma ba sa buƙata. Abin da zan ce shi ne, Asabe tana shiga ta toshe hanci, ta fita bayan ɗaki ta yi amai. Ta dawo, ta sake fita. Ni kuwa na ɗaura zani na tsaya. Sista ta ce riƙe nan, na riƙe. Ta ce danna nan, na danna. Na wanke, na sauya tsumma, na kwashe tasa na kawo wata, ban fita ba ko sau ɗaya. Har Sista ta ɗago ta dube ni ta ce, cikin Hausarta mai karye-karye, "Ke, ka taɓa yi wannan aiki?" Na ce a'a. Aka ciro jariri babu rai. Uwar ta tsira.

Na fito ƙofa jini har gwiwar hannu, na tarar da mijin matar da uwarsa a zaune, tsohuwar tana cewa haka Allah Ya ƙaddara. Nan na buɗe baki. Na ce musu ƙaddara gaskiya ce, amma ba ƙaddara ce ta zaunar da ku kuna kallon ta tana mutuwa ba. Na ce wa mijin da saniyarka ce ta kwana tana nishi haka, da tun jiya ka nemi mai magani. Na faɗa da ƙarfi, duk wanda ke harabar ya ji. Kuma har yau da nake rubuta wannan, ban ga kalma ɗaya da zan janye ba. Suka fusata, suka ce sai sun tafi da matarsu a ranar, ba za su zauna a zage su ba. Asabe ce ta durƙusa gaban tsohuwar, ta kawo mata ruwa, ta yi ta ba ta baki tana cewa Inna ki yi haƙuri, har suka yarda a bar mara lafiya ta kwana biyu.

Ina Yaya duk wannan lokaci? Yana can ƙarƙashin darbejiya, nesa da ƙofa, ya jingine kekensa, ya juya wa ɗakin baya. Namiji ne, malami ne, ba zai kusanci ɗakin haihuwa ba, balle wanda ƙanwarsa ke ciki. Bai ga Asabe a bayan ɗaki ba. Bai ga hannuna ba. Abin da ya fito fili kaɗai ya gani: ni ina faɗa, ita tana lallashi.

Da yamma ya kira ni zaure. Ya ce, "Dije, Asabe na zaɓa."

Na ce, "Yaya, sake faɗi."

Ya ce, "Aikin nan sai mutane sun yarda su kawo matansu. Bakinki zai kore su. Ke koyarwa ta dace da ke, can ne ake buƙatar mai murya. Za a ɗauki malaman da za su bi gidaje su koyar da matan kulle, na sa sunanki."

Na ce masa ni ba murya na je nunawa ba. Ya ce an riga an gama. Na tashi na shige ciki. Ranar da motar Kano ta ɗauki Asabe, ta shigo yi min sallama tana kuka, tana cewa Yaya Dije ki yafe ni, ke kika kai ni. Na ce Allah Ya kiyaye hanya, na juya na ci gaba da tankaɗe. Da na ɗago ido a lokacin, ban san abin da zan yi mata ba.

Na karɓi koyarwar, don ina da 'ya'ya, kuma babu wata ƙofa. Na bi gidajen Rano da allo a ka, na koyar da matan da ba a barin su fita ko zaure. Na iya aikin, ba na musu. Akwai mata da yawa a garin nan da a hannuna suka fara karanta sunansu. Amma kowace safiya in na ɗauki allon sai in ji kamar kayan wata na ɗauko. Asabe kuwa ta gama, aka kai ta Tarai, garinsu, da farar riga da farin ɗankwali, da akwatin kayan aiki. Ranar da aka yi bikin mulkin kai a filin makaranta, a kan kujera aka zaunar da ita cikin ma'aikata. Ni ina tsaye a baya da matan ajina, ina hango ƙeyarta.

Da damina biyu suka cika, na ga Yaya yana hura tayar keke da sassafe. Na ce ina zuwa? Ya ce Tarai, duba Asabe. Ya dawo da la'asar fuskarsa a sake, yana gaya wa Inna cewa alhamdu lillahi, tana nan daram, mata suna ta zuwa wajenta. Na jira in ji ya ce saura Dije. Shiru. Na jira washegari, na jira mako, na jira har kaka ta shigo. Rannan yana cin tuwo a zaure na shiga na tsaya a kansa.

Na ce, "Yaya, ni yaushe za a zo duba ni?"

Ya yi dariya ya ce, "Ke da muke gida ɗaya? Kullum ina ganin ki kina fita da allonki. Ai ba ki gudu ba."

Na ce, "In gudu in je ina? Wanda ka tura Kano yana da inda zai gudo, gida. Ni da ka bari a gida, ina zan gudu? Kana hawa keke har Tarai ka duba wadda ka buɗe wa ƙofa. Waɗanda ka rufe wa fa, wa yake bin su? Ko kuwa su shawararka ba ta taɓa su ba?"

Ya ajiye lomar da ke hannunsa. Na ce, "Kuma ranar nan, me ka gani? Ka shiga ɗakin? Ka tambayi Sista wa ya tsaya, wa ya fita?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Dije, ta yaya zan tsaya gaban mace in tambaye ta abin da ya gudana a ɗakin haihuwa?"

Na ce, "To da ka aiki Inna. Da ka aiki matarka. Kai da ka ce sai an ga mummunar rana, ita mummunar ranar a cikin ɗaki aka yi ta, kai kana gindin bishiya."

A lokacin Sista ta riga ta koma garinsu, babu wanda ya san inda za a same ta.

Bayan 'yan kwanaki ina wani gida a bayan kasuwa ina koyarwa, aka ce ana sallama da ni a zaure. Na fito na tarar da Yaya cikin rigarsa ta aiki, kekensa a jingine. Bai ce Dije ba, Malama Hadiza ya ce, kamar yadda yake kiran kowane ma'aikaci. Ya ce ya zo duba aiki. Ya tambaye ni yadda ajin yake, na gaya masa. Ya tambaye ni ko ana biyan buƙata, na ce ana yi. Sai ya yi tambayar da bai taɓa yi wa kowa ba kafin ranar. Ya ce, "In da za a buɗe miki waccan ƙofar yau, za ki bar wannan?"

Na ce, "Ko allon ba zan koma in ɗauko ba."

Ya ce, "To ban sani ba. Na zata na sani, ashe ban sani ba."

Wannan ita ce iyakar abin da na samu daga gare shi. Bai ce ya yi kuskure ba, don bai yarda ya yi ba. Har ya bar duniya yana ganin bakina zai iya korar mutane, ni kuma har yau ina ganin bakin nan ne da zai sa a riƙa kawo mata da wuri. Abin da ya yarda da shi kawai shi ne, ya yanke hukunci a kan rabin abin da ya faru. Ya yi ƙoƙari daga baya, ba zan ɓoye ba. Da aka sake neman wata mace ya tafi Kano da kansa a kaina. Aka ce masa tsari ya sauya, yanzu 'yan mata masu takardar makaranta ake ɗauka, irinmu na ajin manya an wuce wajen. Ya dawo ya gaya min a tsaye, bai iya zama ba.

Daga nan ya sauya aikinsa. Ya fara bin waɗanda aka ce wa ba su dace ba, yana neman su a gonaki da kasuwanni, yana tambayar su inda rayuwa ta kai su. Wasu suka ce masa Malam ka kyauta da ka hana mu. Wasu suka ƙi fitowa su gaishe shi. Hedimastoci suka ce Malam Inuwa ya fara tsufa, yana bin waɗanda ba su da aiki yana duba aikinsu. In kuma abu ya shafi mata, ya daina zuwa shi kaɗai, sai ya tafi da mace da za ta shiga ciki ta gano masa. Sau da yawa ni yake ɗauka. Ku dubi wannan lamari: ni da aka hana don ba a ga hannuna ba, ni ce na zama idon da ake gani da shi don kada a hana wasu. Na yi masa, kuma na yi tsakani da Allah. Amma duk yarinyar da na fito na ce masa ta iya, a ba ta, sai na koma gida na kasa cin abinci.

A taron da ɗalibansa ke yi duk shekara, dokoki biyun nan na farko kaɗai suke ambata. Ba sa ambaton wannan ta ƙarshe, ta bin waɗanda aka hana, don su duk waɗanda aka buɗe wa ƙofa ne. Wanda aka rufe wa ba ya zuwa taron godiya. Hajiya Asabe tana zuwa, ta tsufa ita ma, tana dogara sanda. A Tarai da kewaye 'yan mata nawa ne aka sa wa sunanta, ban san iyaka ba. In ta zo sai ta shigo ɗakina ta durƙusa da ƙyar, ta ajiye min goro da turare, ta ce Yaya Dije duk abin da na zama ke ce sila. Da za ta yi min girman kai ko sau ɗaya, da na samu sauƙi. Ba ta taɓa yi ba. Ta kuma iya aikinta, aman ya bar ta tun a shekarar farko, mata da yawa sun rayu a hannunta. Ban ce ba ta cancanta ba. Cewa nake ni ma na cancanta, kuma ba a duba ba.

Yanzu in aka tambaye ni me ya rage na Yaya Inuwa, ba keken zan ambata ba, ba kuma yawan ma'aikatan da ya fitar ba. Waɗannan sun yi ritaya, wasu sun bi shi. Abin da ya rage shi ne, na taɓa ganin mutumin da aka ba ikon faɗa wa 'ya'yan mutane inda za su nufa, ya zo har zauren wani gida ya ce wa ƙanwarsa bai sani ba. Masu irin kujerarsa a yau sun fi shi takardu, suna da motoci, akwai mata a cikinsu da babu ɗakin da ba za su iya shiga ba. Ina roƙon su, in za su duba aikin masu ba yara shawara, kada su tsaya a rubutun jikin ƙofa, kada kuma su tsaya kan waɗanda suka samu. Su nemi waɗanda aka ce wa ku koma, ba naku ba ne. Muna nan da yawa, ba ma wuyar samu, ba mu je ko'ina ba.

Ranar da ya rasu, da aka shigo neman yafiya daga 'yan'uwa, na ce na yafe masa duniya da lahira, kuma har zuciyata na faɗa. Ina yi masa addu'a bayan kowace salla, Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya saka masa da alherin da ya yi wa yaran Rano da Kibiya. Amma na yafe ne, ban yarda ba. Kuma na san shi sarai, da zai tashi yau ya ji na faɗi haka a jarida, ba zai yi fushi ba. Gyara zama zai yi ya ce, Malama Hadiza, ci gaba, ina jin ki.